Ƙofar Mama a Ɗakin Baje Koli

Auta,

Ina gaishe ka, don gaisuwa wajibi ce, ba don raina ya so ba. Ina fata kana lafiya, kai da fentinka. Mu ma lafiya, sai gwiwar Mama da ta matsa mata.

Jiya na kai ta ta ga aikin naka da ake ta yabo. Da aka rushe gidan hayarmu saboda faɗaɗa titi, ka ce za ka adana mata ƙofar ɗakinta da tagar. Ashe adanawar ke nan: ka rataye su da waya a tsakiyar zauren baje koli, ƙofa ba bango, taga tana lilo, rabin gadonta a gefe kamar an yanka da wuƙa. Har ƙusar da take rataye mayafi ba ka bari ba. Sannu da fasaha!

Mama na hango ƙofar ta cire takalmi, ta yi sallama, ta kai hannu ga mariƙin. Mai gadi ya daka mata tsawa wai ba a taɓawa. Ƙofar da ta shekara ashirin da shida tana buɗe maka, Auta. Ta janye hannu, har tana ba shi haƙuri. Ni kuwa na ji kamar in shaƙe ka.

Wannan ma da sauƙi. Sai ta nuna 'yar takardar da ka manna a bango, ta ce in karanta mata sunan da ka sa wa aikin. Na duba, na ga ka rubuta “Masauki”. Ɗakin da ta haife ka, inda Baba ya cika, shi ne masauki? Kai ne baƙon, mai zuwa da jaka ya kwana biyu ya wuce. Sai na ce mata ka rubuta “Gida”. Ta yi murmushi, ta yi ta sa maka albarka har muka hau mota.

Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai a kanka, kuma ban yafe ba. Kada ka turo mini dogon bayani kan ma'anar fasaha. Ka sauya takardar nan kafin Asabar. Ta ce ranar za ta koma da jikarta ta nuna mata, kuma yarinyar ta iya karatu sarai.

Ka huta lafiya, in ka iya.

Yayarka