Tulunan Mai Hasumiya

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Baba da ta hana kowa sakat.

Mai kawo mana gishiri ya ce ya gan ka a ƙofar Mai Hasumiya, da mashi da hular ƙarfe, kana korar mutane. Kai da ko kaza ba ka iya yankawa. Baba ya ajiye takalmin da yake ɗinki, ya rantse ba za ka ƙara taka masa gida ba. Ni dai faɗa mini, me kuke samu a wurin azzalumin nan?

Yayarka.

Yaya,

Na gaishe ki, na gaida Baba ko da ba zai amsa ba.

Yunwa ce ta kai ni, kin san shekarar. A barikin ana cin abinci sau biyu. Abin da ba sa faɗa maka shi ne, ranar da ka karɓi mashi za su tsayar da kai cikin rana, bokan Mai Hasumiya ya ɓare inuwarka daga ƙasa, ya cusa ta a tulu, ya liƙe bakin da yumɓu. Wanda ya gudu, a fasa tulunsa, an ce nan take zai faɗi matacce. Ban taɓa gani ba, ban kuma ga mai son gwadawa ba.

Babu mai ƙaunar mutumin nan a cikinmu, Yaya. Na kusa da ni masaƙi ne, ɗayan mai gyaran rijiya. Idan muka yi layi da rana, kowa sama yake kallo, don ƙasa babu komai. Tsoro nake ji kullum.

Ki yi mini addu'a.
Ƙanenki.

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Mai Hasumiya ya mutu, ƙashin kifi ya maƙale masa. Mutanen gari suka ɓalle ɗakin ajiya suna ta farfasa tuluna. Muka zauna a ƙasa muna jiran mutuwa, masaƙi ya riƙe mini hannu.

Ba wanda ya mutu. Ko ciwon kai. Inuwoyin suka fito suka watsu, kowace ta nemi mai ita. Masaƙi ya sami tasa, yana ta tsalle don ya ga ita ma ta yi. Tawa ta wuce ni ta fice ta ƙofar gari, ko waiwaye babu.

Da raina, na gode Allah, na jefar da mashin. Amma wanda inuwarsa ma ta guje shi, da wane ido zai dubi Baba? Zan nemi dako a nan.

Ki huta lafiya.
Auta.

Auta,

Sannu da arziki. Na yi kuka har na gaji, na daɗi ne.

Inuwarka tana nan. Da hantsi ta shigo, ta zauna gefen bencin Baba. Ya daɗe yana kallon kunnuwan nan naka a jikinta, sannan ya ce, "Yaron nan ya rame," ya matsa ya ba ta wuri.

Bai janye rantsuwarsa da baki ba, ka san halinsa. Amma ya hana kowa bi ta wurin kada a taka ta, kuma tun jiya yake damuna da tambaya, wai hanyar nan da nisa ne haka?

Ka taho ka ɗauki abarka.

Yayarka.