Ban San Yaushe Ta Fara Tafiya Ba

Zuwa ga Adama, uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ki karanta wannan ba. Da kina raye ma ba kya karanta rubutuna, kin ce kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Gida yana nan yadda kika bar shi a Pantami. Autanki ya shiga aji uku. Goggona tana zuwa daga Kwadon duk Juma'a, da ƙwaryar nono da tarin umarni. Babbar 'yarmu ce ba lafiya.

Tun kafin ki kwanta ciwo kika gaya mini ta canza, ta daina dariya, tana ture kwano. Na ɗago daga littafi na ce shekara goma sha biyar ke nan, kowa ya yi. Har lacca na yi miki. Ke kin tsaya a firamare, ni shekara ashirin ina koyar da 'ya'yan mutane. To yanzu wa ya fi wani sani?

Bayan arba'in ɗinki ta daina zuwa Islamiyya. Sai ta wuni tana kallon bango. Goggo ta ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya, ta sha rubutu. Ban hana ba, addu'a ce. Amma ramewa take ta yi. Ranar Talata na kai ta asibiti, ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa. Na nemi ƙofar baya don kada wani ɗalibina ya gan ni. Babu ƙofar baya.

Likitar yarinya ce, da ƙyar ta girmi waɗanda na yaye bara. Ta ɗauki biro ta soma tambayata. Wata nawa 'yarmu ta fara tafiya? Yaushe ta fara magana? Wace ce ƙawarta? Tana samun barci? Adama, ni da nake zuba tarihin dauloli da ka, ko ɗaya ban amsa ba. Gefena kawai nake dubawa, inda ya kamata a ce kina zaune.

Ta fitar da ni, suka keɓe kusan awa guda. Da aka kira ni ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ana warkewa. Sannan, da yardar yarinyar, ta gaya mini sauran. 'Yarmu ta san kwalbar fiya-fiya, gubar kashe ƙwari, da ke bayan buhun masara. Sau biyu tana ɗauko ta, ta riƙe, ta mayar. Ina tsakar gida ina gyaran takardun jarrabawa.

Na fitar da kwalbar daga gidan. Na kulle ragowar magungunanki. Ita kuma an rubuta mata ƙwaya da safe, komawa asibiti duk mako biyu. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne likita ta ce kullum in zauna da ita, in tambaye ta yadda take ji, sannan in rufe bakina in saurara. Ni da 'yar fari! Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Haka aka rene mu, kuma har yabona ake yi wai na cika Bafillace. Ke ma kina wannan kunyar, amma kina da murhu, kina da kitso, a can kuke maganarku. Ni me nake da shi?

Jiya bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta. Goggo ta dube ni kamar na fito kasuwa ba riga. Na zauna, na yi tambayar da aka koya mini. Har aka kira magariba ko kallona ba ta yi ba. Ban ga laifinta ba. Baƙo ne ya zo mata hira.

Yau ma zan koma, gobe ma haka. Gawa ɗaya na raka daga gidan nan bana, Adama. Ba zan iya ta biyu ba.

Allah Ya haskaka kabarinki.

Mijinki,
Malam Buba