Ludayi a Maimakon Alli

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Kin tambayi maganar aiki. Na samu, ki kwantar da hankalinki. Tun da auta ya shiga makaranta nake yawon nema. Duk inda na je sai a tambaye ni abin da na yi a shekara taran nan. In na ce reno, a yi murmushi. In na ce ƙarfe biyu da rabi zan riƙa tashi don ɗauko yara, a ce za a neme ni.

Ƙarshe makarantar yaran ce ta ɗauke ni, a ɗakin cin abinci. Ni da na shekara shida ina koyar da lissafi, yanzu sai zuba abinci da goge tebur, awa uku kullum. Ba komai, hannu ya saba.

Sai dai babbar 'yar taki ta roƙe ni kada in kira sunanta a gaban ƙawayenta. Jiya ta miƙo faranti, idonta a ƙasa, ta ce, “Na gode,” kamar kowa. Na zuba mata, na ce wa ta bayanta ta matso.

Takardar shaidar malanta da na ce ki aiko, bar ta a akwatin Inna. Can ko ba komai, akwai mai fito da ita ta nuna wa baƙi.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki