Ledar da Ka Sa Aka Manna wa Wasiƙun Baba

Kafanchan, ranar Litinin

Zuwa ga Yayana Ezekiyel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kana lafiya, kai da yara a Fatakwal. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki. Mu nan lafiya, citta ta yi kyau bana, Miriyam kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Yaya, sai ka yi haƙuri da bakina yau, raina a ɓace yake. Matarka Clara, da ke nan gida tare da mu, ta ce kai ka bugo waya ka ce ta kwashi wasiƙun Baba ta kai shagon Okwudili a yi musu laminetin, a manne su cikin leda, wai don kada gara ta ci. Haba Yaya! Satifiket ne? Ka san Baba tun yana aikin reluwe yake rubuta wa manyan masu sassaƙa, na Binin da Oshogbo da Oka, yana jiran amsa wata da watanni. Yawancinsu sun mutu. Shekara da shekaru takardun nan da suka aiko masa suna cikin akwatinsa gara ba ta taɓa su ba, sai da gyaranka ya zo. Garin gyaran gira an rasa ido, shi ke nan.

Okwudili ba shi da laifi, aikin da aka ba shi ya yi. Waɗanda suka fi ledar girma ya rage bakinsu da almakashi, har da zanen da wani ya yi a gefe. Wannan ma da sauƙi. Da kana zuwa gida da ka san tun da idon Baba ya mutu da yatsa yake karanta su. Hannun masassaƙi nauyi gare shi, biro yakan nutse cikin takarda. Baba yakan shafa bayan wasiƙa ya faɗi mai ita, bai taɓa kuskure ba. Ita ce hirarsa kullum bayan addu'ar safe.

Jiya na miƙa masa su. Ya shafa ta farko, ya shafa ta biyu, ya juya ta, ya tambaye ni ko katin asibitinsa na ba shi. Na fita bayan ɗaki na yi kuka. Okwudili ya ce in aka ɓare ledar, da rubutun za ta tafi.

Saura guda uku da suka tsira, don suna cikin Littafi Mai Tsarki na Mama. Clara ta ce ka ce a kai su ma a ƙarasa. To suna hannuna, ko kai ka zo da kanka ba zan bayar ba. Ban gaya wa Baba ba tukuna. Ka bugo masa ka faɗa da bakinka, don tun safe yake tambayata ina na ajiye abokansa.

Ka gaida Justin da Roseline. Baba yana gaishe ka, ya ce Allah ya yi maka albarka.

Ƙanwarka, mai fushi da kai,
Hulda