Rezar da Ba a Ɓare Ba

Dangora, daren Laraba

Ƙanwata Rabi ta sauka lafiya bayan azahar, an samu mace. Tun safe na dafa ruwa, na shimfiɗa leda, na damƙa wa Inna Ladi ungozoma sabuwar reza a hannunta.

Da na zo naɗe tabarma bayan an binne mabiyiya, sai ga rezar cikin takardarta, ko ɓarewa ba a yi ba.

Na ce, "Inna, da me kika yanke cibiyar?"

Ta ce, "Taki ma ni na yanke." Ta ƙara tamke bakin zaninta, inda take ƙulle tsohuwar askarta.

Ana ta barka, ni tuwo ma ya ƙi shiga. Gobe sai asibiti da jaririyar nan, ko ba a yi suna ba. In ya so Inna ta daina amsa gaisuwata.