Lemon Bana da Littafin da Kika Bari

Zuwa ga 'yata, Maman Takwara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da jikata Takwara da iyayenki da duk mutanen gidanku. Allah Ya ba mahaifinki sauƙin ciwon gwiwar da na ji yana fama da shi. Mu nan sai godiya. Baba yana nan da tsufansa, ya daina zuwa shagon kafinta, sai dai ya zauna a ƙofar gida yana kushe kujerun da wasu suka ƙera. Auta ta sauka lafiya wata biyar da suka wuce, an sami mace, mai kukan tsiya kamar uwarta. Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda shekara biyu ke nan da rasuwar mijinki ban aiko miki ko da gaisuwa ba. Ki daure ki karanta har ƙarshe.

Itatuwan lemo huɗun nan da marigayi ya dasa a bayan gida shekarar da aka kawo ki, bana sun yi 'ya'yan da ban taɓa gani ba. Reshe ɗaya ya karye don nauyi, sauran sai da Baba ya tokare su da katako. Mun sha har haƙoranmu suka mutu. Mun raba wa maƙwabta har suka fara rufe ƙofa in sun hango Auta da kwando. Kasuwa ma ta cika da shi, ba mai ko taya mana. Wuni guda sai ki ji tim, tim, a kan kwanon rufin kicin, yana zuba yana ruɓewa, ƙuda ya cika tsakar gida. Ni kuwa ba na iya kallon abin da hannun ɗana ya dasa yana lalacewa a ƙasa. Kullum sai in tsince in tara a buhu, ba tare da na san abin da zan yi da shi ba.

Auta ce ta ce me zai hana mu yi jam ɗin nan da kike yi, mai siraran ɓawo a ciki, wanda ake shafa wa burodi. Na ce mata ta bar ni da wannan zance. Kin dai san yadda nake yi miki a kansa, in ce ɓarnar sukari ce da ɓarnar gas. Amma da lemon ya ci gaba da zuba, na buɗe kabad ɗin ƙasa na kicin, wanda ban taɓa ba tun tafiyarki. Kwalabenki suna nan a jere, kowacce da murfinta. A bayansu na ga ɗan littafin nan naki mai shuɗin bango, duk ya sha maiƙo.

Muka bi rubutunki layi-layi. Muka wanke lemon, muka matse ruwan, muka ƙulle 'ya'yan ciki da farin nan na jikin ɓawo a ƙyalle mai tsabta, kamar yadda kika ce su ne ke sa shi ya yi kauri. Sai yankan ɓawo siri-siri, wanda ban san wahala ce haka ba sai da na zauna kansa tun hantsi har la'asar, ruwan yana shiga duk wata tsaga ta yatsuna yana yi mini raɗaɗi. Na tuna ke kaɗai kike yin wannan, da goyo a bayanki, ina zaune a inuwa ina miki gori. Muka jiƙa shi ya kwana. Tukunyar farko gaggawa ta ɓata mana ita, na zuba sukari tun ɓawon bai yi laushi ba, ya fito da tauri, Baba ya tauna ya ce in ajiye masa zai gyara takalminsa da shi. Ta biyu ta kama a gindi lokacin da jaririya ta ɗauke wa Auta hankali, gidan duk ya gauraye da ƙauri.

A tukunya ta uku ne na ce ba inda za ni. Na jawo kujera gaban murhu, ina jiran ɓawon ya dahu, littafin yana kan cinyata. Don rage zaman jira na juya shi ta baya. 'Yata, ban san akwai wani rubutu a can ba. Shafi bayan shafi, kwanan wata, awon sukarin marigayi na safe da na yamma, abin da ya ci, lokacin da kika yi masa allura. Shekara uku cur, ba ranar da kika tsallake, har ranar da kika haifi ɗan da bai zo da rai ba, an cike ta washegari da rubutu mai karkarwa. A wani wuri kin rubuta cewa ya roƙe ki cokali ɗaya na jam kin hana shi, ya yi fushi bai yi miki magana ba har yamma. A wani wurin kuma kin rubuta cewa awo ya hau, ashe ya biya ta ɗakina na ba shi shayi mai zaƙi, kuma ba za ki gaya mini ba don kada raina ya ɓaci. Ina nan zaune har Auta ta shigo ta same ni, ta karɓi muciyar daga hannuna.

Kin san abin da na faɗa ranar da mutane suka cika gidan nan suna mana gaisuwa. Na ce zaƙin da kike ɗura masa ne ya kashe mini ɗa. Na faɗa a gaban mahaifiyarki, a gaban maƙwabta, Takwara tana riƙe da gefen zaninki. Kika sunkuyar da kai, kuma da kwanakin takabarki suka cika kika tafi ba ki ɗauki ko cokali ba. Magana zarar bunu ce, na zare ta kuma ba ta komawa. Wata huɗu da suka wuce jiri ya kayar da ni a bakin famfo, aka kai ni asibiti, likita ya ce ciwon sukari ne, ya tambaye ni ko akwai mai shi a danginmu. Na tuna mahaifina da ƙishirwar da ba ta ƙare masa, da gyambon ƙafarsa da ya ƙi warkewa har ya bar duniya. Ashe a jinina marigayi ya samo shi. Ke kuwa shekara uku kika yi kina tare masa shi da hannu biyu, ni ina zaginki.

Tukunya ta uku ta yi kyau. Mun matsa lemon tsami biyu, muka bar ta ta tafasa sosai, sannan Auta ta ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi ta tura da yatsa, ya yamutse. Ta ce ya yi daidai da goshina, ke nan ya nuna. Muka dafa kwalaben muka cika su da zafinsa, goma sha ɗaya. In kika ɗaga ɗaya a rana sai ki ga ɓawon yana iyo a ciki, jawur. Ni ban ɗanɗana ba, an hana ni. Baba ne ya shafa a burodi, ya ci a hankali, ya ce ya yi, amma bai kai naki ba, sai ya tashi ya shiga ɗaki bai gama shayinsa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Saƙon mahaifinki ya iso wa Baba cewa wani malamin makaranta ya fito neman aurenki, mutumin kirki, kuma an sa lokaci. Da ƙannen Baba suka ji, suka zo suka ce lokaci ya yi da za a karɓo Takwara ta dawo gidan ubanta, kada ta tashi a gidan wani. Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta so hakan. Ita kaɗai ce abin da marigayi ya bar mini mai numfashi, kuma sunana take ɗauke da shi. Na yi kwanaki ina raya inda zan sa mata gado. Amma na ce musu a'a, Baba kuma ya goyi bayana. Na ce matar da ta kula da ɗana haka ba ni da bakin cewa ba za ta iya riƙe 'yarsa ba, kuma na riga na raba ki da mutuncinki sau ɗaya, ba zan raba ki da 'yarki ba. Ransu bai so ba, babbansu har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau. Wannan tsakanina da su ne. Ke dai ki kwantar da hankalinki, ba wanda zai zo ƙofarki da wannan magana muddin ina raye. Ki yi aurenki, Allah Ya sa albarka, Ya ba ki sanyin da ba ki samu a wurina ba.

Direban da zai kawo miki takardar nan zai ba ki kwali, kwalabe shida ne a ciki, na naɗe kowacce da tsumma. Littafin ma yana ciki, naki ne, na sa Auta ta kwafe mini shafukan gaba kawai. Roƙona biyu ne. In Takwara ta ƙara girma ki riƙa kai ta ana duba jininta, ki gaya wa likita gaskiyar inda abin ya fito. Sannan in mijinki ya amince, ko sau ɗaya a shekara ne, a kawo mini ita lokacin hutu in gan ta. In hakan zai kawo miki matsala a sabon gida, hoto ma ya ishe ni.

Ki gaishe mini da mahaifinki da kyau. Mahaifiyarki kuwa ki ce mata ina jin kunyarta, in Allah Ya ba ni ƙarfin tafiya zan zo da ƙafata in ba ta haƙuri. Ki gaishe da yayarki da ƙannenki duka. Baba yana sa miki albarka, Auta da mijinta suna gaishe ki. Ki shafa mini kan Takwara, ki ce mata tsohuwa tana cigiyarta. Ki yafe mini don Allah. In kin amsa takardar nan na gode, in ba ki amsa ba ba ki yi laifi ba.

Wassalam. Ni ce,
Uwar mijinki, kuma uwarki in har kin yarda.