Na Cire Robar Da Ƙanena Ya Ɗaura Wa Babur Ɗin Babanmu

Malam, don Allah ka raba mana wannan gardama, domin kowa a gidanmu ya juya mini baya, ni kuma har yau ban ga laifin da na yi da ya kai haka ba.

Ni mai fentin motoci ne, shekarata ashirin da biyu a wannan sana'a. Babanmu ya rasu ya bar mana wani tsohon babur mai zagayayyiyar fitila da tankin ƙarfe, wanda ya girme ni. Ni na tashe shi daga kwance. Wata bakwai na yi ina kankare tsatsa, na bi masu tsofaffin ƙarafa rumfa-rumfa ina neman notuka irin nasa na asali, na yi masa fenti shafi biyar. Amma ƙanena ne yake hawa, saboda shi malami ne kuma makarantarsu tana can bayan gari, ni ko garejina a bakin layinmu yake.

Bara aka yi masa aiki a ƙirji, aka cire wani ɓangare na huhunsa. Likita ya ce kada ya yarda iska ta riƙa dukan ƙirjinsa. Ba zan ɓoye maka ba, na san wannan, ni ne ma na kai shi asibitin.

Sai kawai ya je ya sayo wata 'yar garkuwar roba mai guntun gilashi, irin wadda ake ɗaurawa a kan fitila ta tare iska. Bai tambaye ni ba. Ya samo injin huda ya huda kunnuwan fitilar, wato ƙarafan nan biyu da ke riƙe da ita, huda bibbiyu. Ko 'yar robar da ake sawa a ƙarƙashin noti bai sa ba, abin sai karkarwa yake yi, ga shi a karkace. Alhali akwai irin wadda ake matsewa a jikin ƙarfe ba sai an huda komai ba. Da ya zo wurina, rabin sa'a na gama masa.

Duk Asabar da hantsi mu masu tsofaffin babura muna haɗuwa a ƙofar shagon wani mai faci, mu kai goma sha biyar. Can ya zo da abin. Da na hango hudojin nan a jikin ƙarfen da na sha wuya a kansa, wallahi sai da idona ya rufe. Na tambaye shi a gaban kowa wane yaro ya ƙwace wa fo ɗin kashi ya ɗaura a gaban babur. Aka kwashe da dariya, har wani ya zame daga kan benci. Ya cire hular kwano yana ɗan murmushin yaƙe, ya kira ni Yaya, ya ce saboda ƙirjinsa ne. Ni kuma raina ya riga ya ɓaci. Na ce in ƙirjin nasa ba ya ɗaukar iska ya koma keken guragu, ya bar babur ga masu huhu biyu. Na ɗauki sifana na kwance robar, na miƙa wa mai facin. Har yanzu a ciki yake zuba notuka.

Ya mai da hularsa ya tafi. Ashe mako guda ya yi yana zuwa makaranta haka nan, ana yayyafi kullum da safe. Tari ya kwantar da shi, ya yi kwana tara a asibiti. Na je dubiya, ya juya fuska bango. Bayan an sallame shi matarsa ta turo babur ɗin da hannunta tun daga gidansu har gareji, ta ɗora makulli a kan gwangwanin fenti, ta ce wai ga kayan Baba nan.

Na cike hudojin, na goge, na sake fenti. Yanzu ko tocila ka haska ba za ka gane wurin ba. Babur yana nan a lulluɓe, ba mai hawa. Mahaifiyarmu in na gaishe ta sai ta amsa da ka. Matata tana ajiye mini abinci ta tashi. A wurin haɗuwarmu kuma Mai Fo suke kiran ƙanen nawa, ni dai ban ce su ci gaba ba. Jiya na ji ya nemi a mai da shi wata makaranta a gari mai nisa, takardar za ta fito ƙarshen wata. Mu biyu kaɗai aka haifa, ba na so ya tafi. Amma shi da ya huda kayan gado ba da shawara ba, ba shi ya kamata ya fara ba da haƙuri ba? Ni ne fa babba.

Babban Wa Mai Fenti

AMSA

Mai Fenti, bari in fara ba ka naka. Babur ɗin na ku biyu ne, guminka yana jikinsa, kuma ƙanenka ya yi kuskure da ya huda bai sanar da kai ba. Iyakar gaskiyarka ke nan, ta ƙare a nan.

Ka ce da ya zo wurinka rabin sa'a ka gama masa. To me ya hana shi zuwa? Mutumin da aikinsa alli da allo ya gwammace ya riƙe injin huda da hannun da bai saba ba, da ya roƙi wansa. Ya san bakinka, shi ya sa. Kai kuma da ka san umarnin likita, me ya hana ka ɗaura masa tun ranar da aka sallame shi bara?

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Ka faɗa mini shafin fenti nawa ka yi, ba ka faɗa mini yadda yake numfashi yanzu ba. Ka goranta wa mara lafiya ciwonsa a gaban mutum goma sha biyar, ka kwance abin da ke kare ƙirjinsa, ka tsaya kana kallo ya tafi. Wannan zalunci ne, girman shekaru kuma ba ya wanke shi. Makon nan da ya yi a cikin yayyafi ganganci ne, na yarda, amma kai ka tura shi.

Ga abin yi, kuma kafin ƙarshen wata. Ranar Asabar ka je wurin haɗuwarku, ka zube notukan mai faci ka karɓo robar. Ka faɗa musu da bakinka cewa kai ne ka yi abin kunya, kuma duk wanda ya sake kiran sunan nan da kai yake. Inda ka tozarta shi, nan za ka wanke shi. Sannan kada ka sayo sabuwa mai matsewa, wannan sauƙi za ka nema wa kanka. Ka ɗauki injin huda ka huda sabon fentinka da hannunka, daidai inda ya huda, ka ɗaura tasa ta miƙe sosai. Ka kai babur ɗin ƙofar gidansa, ka roƙi gafararsa ba tare da ka sako "amma" ba. Ka roƙi matarsa ma.

Ba zan yaudare ka ba, yana iya karɓar makullin ya tafi garin nan duk da haka, yana iya ƙin fitowa ma. In ya ƙi, ka ajiye makulli ka koma gida da ƙafa, kada ka kai ƙara wurin mahaifiyarku.

Allah ya ƙara wa ƙanenka lafiya, ya daidaita tsakaninku. Kai kuma Allah ya ba ka kunya, ita ka fi buƙata a yanzu.